Layin da Aka Ja a Motar Auta

Litinin, ƙarfe tara na safe

Wannan littafi na haɗin fenti ne. A cikinsa nake rubuta yawan baƙin da ke shiga shuɗi, da irin jan da ke koɗewa idan rana ta dame shi. Yau na juya shi ta baya na fara rubuta wani abu daban, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Auta ta riga ni zuwa gareji. Ba a taɓa yi ba. Na iso bakwai saura na tarar da motarta a bakin ƙofa, tana zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, inji a kashe. Ita ce ƙarama a 'ya'yana huɗu. Tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, shekararta biyu da aure. Da guminta ta sayi motar, ni kuma na yi mata fenti da hannuna, shuɗi mai duhu wanda babu irinsa a kan titi, don ni na haɗa shi.

Ta fito ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ƙofar gidanmu ce ta karce min mota."

Na zagaya ta gefen hagu, wajen direba. Layi ɗaya ne, siriri, daga saman tayar gaba har fitilar baya.

Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki. Ƙofar gida idan ta gogi mota, faɗi take yi, ta bar nata fentin a jiki, ta ɗan lotsa ƙarfe. Ba ta hawa da sauka kamar tafiyar mutum.

Na ce, "Lallai ƙofar nan ta yi ɓarna. Bar min makullin."

Akwai jaka a kujerar baya, babba. Ta ɗauka, ta ce za ta biya ta gaida mamarta. Na tsayar mata da tasi.

Ban tambaye ta komai ba.

Litinin, bayan azahar

Na wanke motar, na tsane ta, na tura ta rana. Ba a yanke wa karcewa hukunci a inuwa. Sannan na bi layin da farce, ina tsallaka shi kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar ke nan: inda farce ya wuce bai maƙale ba, abin bai wuce fatar sama mai sheƙi ba, gogewa za ta ɗauke shi. Inda ya maƙale, ya shiga launi. Inda ka ga toka-toka, ya kai fentin ƙasa, wannan sai an cike.

Kusan duk layin na sama ne. Wuri ɗaya ne mai zurfi, tsawon yatsa, daidai ƙarƙashin mariƙin ƙofar direba. A nan aka tsaya aka danna.

Daga gaba aka fara aka yi baya. Farkon layi yana da cizo, ƙarshensa yana da jela. Wanda ya taho daga gaba zuwa baya ta wannan gefe, motar tana hagunsa.

Aikin yini ɗaya ne. Biyu, idan na cika hira.

Mai walda, maƙwabcina na shekara ashirin, ya leƙo ya ce, "Kai, wa ya yi wa amaryarka haka?" Haka yake kiran motar tun ranar da na hana shi jingina da ita. Na ce ƙofa ce. Ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "To, ƙofar nan tana da hannu." Na ce ya koma ya ci gaba da ƙona wa mutane ƙarfe.

Talata, bayan magariba

Auta ta kwana, yau ma za ta kwana. Uwar yara ta kwashe keken ɗinkinta daga tsohon ɗakin 'yan mata ta shimfiɗa mata.

Muna cin abinci ta ce, "Baba, yaushe motar za ta fito?"

Na ce, "Irin wannan launi ba ya son gaggawa. Mako ɗaya, ko ya ɗan ɗara."

Ta ce to. Uwar yara ta kalle ni ta wutsiyar ido, ta ƙara min miya ba tare da na nema ba.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Uwar yara ta gaya min abin da ta gani jiya da Auta ke canza riga. Ba zan rubuta shi a littafin fenti ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na fara. Na kewaye layin da salatif na takarda, sama da ƙasa, na bar faɗin yatsa biyu. Na jiƙa sanfefa, takardar gogewa, mafi laushi a bokiti tun safe, don busasshiya ita ma ɓarna take yi. Na naɗe ta a ɗan soso, ina shafawa da ruwa, ba dannawa. Hannu ne ke ji, ba ido ba. Da zarar ruwan ya fara fari kamar madara, ka san kana cin fatar sama, to ka ƙirga numfashinka. Ka wuce kaɗan, ka ɓata abin da ka zo gyarawa.

Wurin ya dushe, ya yi kamar an kashe shi. A nan sababbin shiga suke ruɗewa. Sai na sa man gogewa mai ɗan kaushi, na bi da injin gogewa a hankali, sannan mai laushi, sannan ƙyalle. Saman tayar gaba ya dawo. Na tsaya na ga fuskata a ciki, har da furfurar da ke gefen kunnena.

Akwai yara a layin nan masu cewa man wanke haƙori ma yana yi. Yana yi, kamar yadda ake share ɗaki da tafin hannu.

Taku ɗaya na layin na gyara. Na lulluɓe motar na ɗauki wani aiki.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Kwana uku ke nan ni ke kai Auta asibiti a babur. Rabona da ɗaukarta tun tana makarantar firamare, lokacin da take rungume ni ta baya tana min waƙa a kunne. Yanzu da hannu ɗaya take riƙe kafaɗata. Ɗayan yana kan cinyarta, cikin riga mai dogon hannu, a wannan zafi.

Ina kauce wa ramuka. Na san kowane rami a hanyar nan yanzu.

A ƙofar asibiti wata abokiyar aikinta ta ce, "Sabon direba kika yi?" Auta ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin albashina." Ta yi dariya, ta farko tun Litinin.

Asabar, da hantsi

Wayar Auta ta yi ƙara sau goma sha ɗaya kafin ta gama karyawa. Ba ƙirgawa nake yi ba, kunnena ne.

Lahadi, bayan la'asar

Taku na biyu. Ya fito tas.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Surukina ya zo gareji.

Ya zo cikin riga mai guga, da turare. Ya durƙusa har ƙasa, a kan siminti mai ƙurar sanfefa. Kullum yaro ne mai gaisuwa, wannan ba zan hana shi ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi ƙafata, ya tambayi Mama.

Sannan ya ce, "Baba, motar na zo ɗauka, a rage muku wahala. Akwai wani mai fenti kusa da ofishinmu, ya ce yini ɗaya zai gama."

Wani mai fenti. A gabana, a garejina, a kan fentina.

Na ce, "Madalla da shi. Ƙofar fa, an gyara?"

Ya ce, "Wace ƙofa, Baba?"

Na bar shi da tambayarsa. Mai walda ya kashe injinsa. Duk layin ya yi tsit, har ana jin fanka a shagon mai taya.

Ya ce, "Au, ƙofar. Eh, an duba."

Makullansa suna hannunsa, yana juya su a yatsa. Bahago ne tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ta taɓa ba mu labarin yadda ta yi fama da shi a kan cokali, muka yi ta dariya. Na yaye murfin motar, na ce ya matso ya ga aiki. Na nuna masa inda na gyara, na ce ya nemo min layin idan zai iya. Bai iya ba. Na nuna masa wurin da ke ƙarƙashin mariƙin ƙofa, na ce, "Nan ne ya ba ni mamaki. Sauran duk wucewa aka yi. Nan an tsaya."

Ya sa makullan a aljihu.

Ya ce, "Baba, ka san zama tsakanin miji da mata..."

Na ce, "Ni mai fenti ne, ɗana. Wanda ya kawo min mota, shi nake ba makulli. Haka nake yi tun kafin a haife ka."

Ya ɗan jima a tsaye. Ya ce a gaida Mama, ya tafi.

Ban ɗaga murya ba. Ina so a san wannan. Hannuna yana cikin aljihu tun daga farko har ƙarshe, kuma na san dalilin da ya sa na bar shi a can.

Da ya wuce na waiga, na ga mai walda tsaye a bakin shagonsa da guntun rodi a hannu. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce aunawa yake yi. Na ce, "Da ido?" Ya ce shi ma ya daɗe a aiki.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na ƙona fenti.

Bayan tafiyarsa na ɗauki inji na hau ƙofar baya. A bakin ƙofa fenti siriri ne, ɗan koyo ma ya san ba a tsayawa a can. Na tsaya. Na ji ƙauri kafin in gani. Wuri kamar ƙwayar wake, sheƙin ya tafi, launi ya fito tsirara.

Injin ne, ina jin ya fara gudu fiye da kima.

Ba injin ba ne.

Rabona da irin wannan tun ina yaron shago. Na lulluɓe motar kafin wani ya gani.

Laraba, bayan azahar

Na gyara ƙunar. Na fesa mata siririn sheƙi, zan bar ta ta bushe kwana biyu in goge. Ko ni sai na nema zan same ta. Amma na san tana nan.

Yanzu dai ina da dalilin jinkiri na gaskiya. Har na ji daɗi, Allah ya yafe min.

Juma'a, bayan la'asar

Baƙi a gida. Kawun surukina, dattijo mai sanda, da Yayata, wadda ta goye ni, wadda har yau idan ta shigo nake gyara zama. Ban san yadda aka yi suka haɗu a hanya ba. Na sani.

An sha ruwa, an yi ta zagaye. Kawun ya ce yaro ya yi nadama, ba ya cin abinci, har ya rame. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce ɓacin rai ne na ɗan lokaci. Yaya ta ce wace mace ce a ɗakin nan ba ta haɗiye abu ba. Ta dubi uwar yara don ta taya ta. Uwar yara ta ce, "Ni dai, Yaya, ƙanenki surutu ne ya yi masa yawa. Shi kaɗai na haɗiye." Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Yaya ta juyo kaina. "Kai ne babba a gidan nan. Ka ce ta shirya."

Na ce, "Motarta ba ta fito ba, Yaya."

Ta ce, "Mota ce ta ɗaura auren?"

Na ce, "A'a, amma da ita ta zo."

Auta tana ɗaki, labule kawai ne tsakaninmu. Ba wanda ya ce a kira ta. Sai da suka tafi na lura ni ma ban ce ba.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Uwar yara ta ce jiya ta ji Auta tana waya, murya ƙasa-ƙasa, kusan rabin awa. Ta ce, "Malam, idan ta ce za ta koma fa?"

Na ce ba man gogewa, wanda nake so ya ƙare a kasuwa.

Ta ce, "Ni kake gaya wa?"

Lahadi, da azahar

Ban je gareji ba. Ƙafata.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Mako biyu cif.

Auta ta tashi aiki da wuri, ta zo gareji da kanta ba ta jira ni ba. Ta yaye murfin motar ta zagaya. Ta sa farce a inda ya rage, daidai yadda nake yi, har da karkata kai. Tun tana 'yar shekara bakwai take zuwa nan bayan makaranta, tana zama a kan tsohuwar taya tana min tambayoyi har in ce ta je ta dami mai walda.

Ta ce, "Baba, a nan na girma. Aikin yini ɗaya ne."

Na ce launin yana da wuya.

Ta ce, "Ga man can a kan kanta, gwangwani biyu, ba a fasa ba."

Na dubi gwangwanayen kamar yau na fara ganinsu.

Ta zauna a kan benci. Ta ce, "Na san abin da kake yi, kuma na gode. Makon farko ina buƙatarsa. Amma can an ɓoye min makulli sau biyu, Baba. Ranar da na taho ma sai da na jira ya shiga wanka kafin in ɗauka. Ban zo nan don a sake riƙe min shi ba, ko da kai ne."

Ban san wannan ba. Ban san an taɓa ɓoye mata ba. Na ji kamar an watsa min tina, ruwan tsinka fenti, a ido.

Na ce, "Idan na ba ki, ina za ki?"

Ta ce, "Ban gama sani ba. Amma ni zan tuƙa."

Na ciro makullin daga ƙusar da yake rataye, na ajiye a gefenta a kan benci. Na ce motar tana tashi, ko yanzu tana iya ɗauka. Ta kalle shi, ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Ka gama aikinka tukuna. Ba zan fita da rabin layi ba, a ce 'yar mai fenti ce."

Wa ya koya mata magana haka? Uwarta za ta ce ita. Ƙarya ne.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na fara bakwai na safe, na gama ƙofar baya da bayan mota kafin la'asar. Ban tsaya hira ba, ban amsa waya ba. Mai walda ya kawo min ruwa ya ajiye ya tafi bai ce uffan ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Saura mai zurfin.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ta ɗauki hutun yini ɗaya ta biyo ni. Ta ce ita za ta cike wurin.

Na buɗe littafin nan ta gaba, na nemo haɗin shuɗinta, na haɗa rabin murfin kwalba. Na wanke ramin da tina, na ba ta tsinken sakace. Buroshi ya yi girma ga irin wannan. Da bakin tsinke ake ɗiga launi cikin ramin, ɗigo bayan ɗigo, kar ya hau gefe, a jira ya sha iska, a ƙara.

Ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Yau ne karo na farko. Na kalli ƙofar mota. Abin da uwar yara ta gani a hannun ya koma rawaya-rawaya, yana bajewa. Na kalli ƙofar mota.

Hannunta bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Mai neman jijiya a hannun jariri, ramin fenti ba komai ba ne a wurinta. Na so in gyara mata riƙon tsinke, na duba, babu abin gyarawa.

Tana ɗigawa ta ce, "Ina cikin motar lokacin."

Na ce, "Na'am."

"Na kulle ƙofofin. Shi ya sa."

Na ce ta kula, gefen dama yana neman cika. Ta goge da ƙyalle. Muka zauna muna jiran ya bushe, ta tambaye ni ko har yanzu ina tuna motar farko da na yi wa fenti. Na ba ta labarin, wanda ta ji ya fi sau hamsin, na babbar motar ɗaukar yashi da na mai da kore kamar ɗanyen ganye har mai ita ya kusa suma. Ta yi dariya a daidai wuraren da take yi tun tana yarinya.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya bushe. Na daidaita shi da sanfefa, na goge, na sa mata man sheƙi gaba ɗaya, na tura ta rana.

Na kira mai walda, da mai taya, da bakaniken da ke ƙarshen layi. Na ce duk wanda ya nuna min inda layin yake, in share masa shago wata guda. Mai taya ya nuna wurin da ba shi ba. Bakanike ya ce ko dai ɗaya gefen ne. Mai walda, wanda ya san wurin, ya tsuguna ya daɗe, ya miƙe ya ce, "Tsoho, kai mugu ne."

Wurin mai zurfin, idan ka tsaya ta baya da hantsi ka runtse ido ɗaya, za ka ga ɗan inuwa kamar gashi. Mu biyu ne a duniya muka san inda za mu tsaya.

Shekara talatin da huɗu. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ban taɓa ƙin ganin aiki ya ƙare kamar wannan ba.

Juma'a, bayan magariba

Ta ɗauki makullin.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Da safe Auta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, a shirye. Ta ce, "Baba, za ka raka ni. Amma da sharaɗi. A mota za ka zauna. Ko me ka ji, ko me ka gani, ba za ka fito ba sai na kira ka."

Na ce ni za a kafa wa sharaɗi?

Uwar yara ta ce, "Ka sa hularka, Malam."

Ita ta tuƙa. Ba ta shiga da motar ciki ba, ta tsaya a kan titi daidai ƙofar gidan, ta juya hancinta hanya. Ba jaka a hannunta. Da na ga haka zuciyata ta ɗan sauka, ta kuma sake tashi. Ta shiga, ta bar ƙofar a buɗe.

Minti ashirin da biyar. Agogon motar yana gabana.

Na yi aiki a rana tsaka ba rumfa. Na taɓa riƙe bonet da kafaɗa har aka nemo ƙarfen tokarewa. Ban taɓa yin aiki mai nauyin zaman nan ba. Hannuna yana kan mariƙin ƙofa. Sau ɗaya na ji murya ta tashi a ciki, tasa, na buɗe ƙofar har ƙafata ɗaya ta taɓa ƙasa. Ba ta kira ni ba. Na mai da ƙafar, na rufe.

Ta fito da akwati ɗaya, ta sa a but. Ta koma ta fito da jakar takardunta na makaranta da wata tukunyar fure, ƙarama, ta miƙo min ta taga ta ce in riƙe kar ta zube. A fitowa ta uku ya biyo ta har bakin ƙofa. Ya hango ni, ya fara durƙusawa, ya fasa. Ta juya ta fuskance shi. Ban ji abin da ta ce ba. Ba ta daɗe ba, ba ta nuna shi da yatsa ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta zare makullin gida daga cikin nata, ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ta ajiye a kan dakalin ƙofa, ta tako a hankali, ta shiga, ta ɗaura bel, ta duba madubi, ta kunna sigina a titin da babu kowa.

Muka kai danja ta biyu, ta tsaya. Ta damƙe sitiyari. Ta ce, "Baba, ban yi kuka ba."

Na ce, "Na gani."

"Kai ma ba ka fito ba."

Na ce ƙafa ɗaya ba fita ba ce.

Muna nan tsaye wani mutum a motar da ke gefenmu ya sauke gilashi. Ya ce, "Hajiya, don Allah, wannan shuɗin a ina aka yi miki? Ban taɓa ganin irinsa ba."

Irin tambayar da nake jira ke nan a kowace danja tun da na fara aiki. Ina da amsarta a shirye, da kwatancen gareji, har da labarin haɗin. Auta ta nuna ni da babban yatsa ta ce, "Babana. Ga shi nan."

Mutumin ya leƙo yana jiran in yi magana. Ni kuwa ina rungume da tukunyar fure a cinya. Na ɗaga masa hannu kawai, na juya fuskata wajen ɗaya tagar.

Danja ta ba da hannu. Ta sa giya, muka wuce.